SARKI A ƘOFAR JAMI'A: DA SIMINTI ZA A TUNA DA SHI KO DA TAWADA?

A ƙasashe da dama ɗalibai sun tashi tsaye sai an sauke mutum-mutumin sarakunan da aka kafa musu a farfajiyar makaranta. Mu a Adar da Ƙonni ba mu gaji wannan al'ada ba. Amma tun da aka shiga canza sunayen tituna a Yamai, ranar da wani zai ce mu ma mu kafa namu ba ta da nisa, kuma gara a yi shawara tun ba a kwaɓa siminti ba.

Wanda ya fito daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas ba zai yi nisa ba sai ya iso mararrabar Tsarnawa. In ya miƙe, Malbaza da Galmi ne a gabansa. In ya karya hagu, sai Badagishiri inda hanyar Illela ta rabu, daga nan sai Tawa. In kuwa tun daga Ƙonni kudu ya fuskanta, da ya ƙetare iyaka ta ɗaya Illelar, wato ta Najeriya, to, Sakkwato ya nufa. 'Yan kasuwarmu sun san waɗannan hanyoyi kamar yunwar cikinsu, don a kansu ake jigilar albasa da siminti da dabbobi. Amma yau akwai wani kaya mai daraja da motoci ke ɗauka wanda ba a biya masa kuɗin duwan: 'ya'yanmu na Alela da Bazaga da Dogerawa da Tajaye da suka ci jarrabawar bakaloriya suka tafi neman ilimi mai zurfi.

Wanda ya yi arewa, jami'ar Tawa zai shiga, mai ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin ƙasar Adar. Wanda ya yi kudu, jami'ar Sakkwato ce, mai sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, nan kusa da Galmi. A wuraren biyu suna ne ke tarbar ɗalibi a bakin ƙofa. A Turai kuwa, da wasu ƙasashen Afirka inda Turawa suka yi dogon zama, abin da kan tarbe shi shi ne mutum-mutumin wani sarki, na tagulla ko na dutse, a tsaye ko bisa doki, yana kallon masu shiga da masu fita. Tun daga 2015 wannan al'ada take ta da ƙura, kuma ƙurar ta cancanci mu dube ta, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da ya faru a Durban da Mons

Rigimar a Afirka ta Kudu ta soma. A watan Maris na 2015 ɗaliban jami'ar birnin Kap suka tashi haiƙan a kan mutum-mutumin Cecil Rhodes, Baturen Ingila da ya tara dukiya da haƙar lu'ulu'u, ya mamaye ƙasashen mutane har aka laƙaba wa ƙasa sukutum sunansa, Rodeshiya. Shi ba sarki ba ne, amma tun 1934 yake zaune bisa kujera a harabar jami'ar kamar mai karɓar gaisuwa. Ranar 9 ga Afrilu 2015, wata guda da soma zanga-zanga, aka kawo injin ɗaga kaya aka tumɓuke shi. Cikin wannan watan na Maris kuma, a birnin Durban, aka wayi gari an watsa wa mutum-mutumin Sarki Joji na Biyar fenti a farfajiyar jami'ar KwaZulu-Natal. Wannan Joji shi ne ya sarauci Ingila daga 1910 zuwa 1936, zamanin da Kano da Katsina da Sakkwato suke ƙarƙashin tutarsa.

Bayan shekara biyar abin ya ƙetara Turai. Da aka kashe baƙar fata George Floyd a Amurka a watan Mayu na 2020, zanga-zanga ta bazu a duniya, a Beljiyam kuma ta faɗa kan Sarki Leyopol na Biyu. Shi ne ya riƙe ƙasar Kwango daga 1885 zuwa 1908 a matsayin gonarsa ta kansa, ya sa aka tilasta wa mutane tatsar roba, ƙauyen da bai cika awon da aka ɗora masa ba a ƙone shi, a yanke hannuwa, a yi garkuwa da mata. A watan Yuni na 2020, bayan ɗalibai sun tara sa hannu, jami'ar Mons ta ɗauke gunkin kansa daga inda yake ta kai ma'ajiya. Jami'ar Luven ma ta fitar da nata daga ɗakin karatu. Ranar 30 ga watan, Sarki Filip na Beljiyam ya aika wa shugaban Kwango takardar nuna nadama a kan abin da ya faru a wancan zamani.

Ɗaliban nan ba su ce a goge sunan Leyopol daga littafi ba. Kukansu shi ne, jikan wanda aka yanke wa hannu ya biya kuɗin makaranta, kullum safiya kuma sai ya bi ta gaban wanda ya sa aka yanke, an ɗaga shi bisa dandamali an goge masa ƙura. A Kinshasa ma an taɓa gwadawa: a 2005 aka maido da Leyopol bisa dokinsa a tsakiyar gari da hujjar cewa tarihi ne, bai cika kwana biyu ba aka sake sauke shi.

Darasin da ke ciki a fili yake. Wanda ya kafa mutum-mutumi ya yanke hukunci ke nan, ya ce an gama shari'ar wannan mutum, ya fita da farin jini. Jami'a kuwa ita ce gidan da ake buɗe tsofaffin shari'u, a kira shaidun da ba a saurara ba, a sake auna magana. Shi ya sa rikicin ya fi zafi a farfajiyar makaranta bisa ga kasuwa ko tasha.

Mu ma muna da 1899

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A shekarun da sojojin Leyopol ke ɓarna a Kwango, a nan ƙasar ma an ga irinta. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kwasar mutane da dabbobi. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau tsofaffi ba su daina ba da labarinsa ba, wanda masana ke lissafa shi cikin mafi muni a tarihin shigowar Faransa yammacin Afirka. Da labari ya kai Paris aka turo Kanal Klobb ya karɓe ragama, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu da kansu suka kashe kyaftin ɗin biyu, kaburburansu suna Maijirgi, kusa da Tasawa.

Ke nan mutumin Ƙonni ba ya bukatar tafinta kafin ya gane abin da ke cin ran ɗalibin Mons. Da a ce Turawa sun bar mana Voulet na tagulla a bakin kasuwa, da tuni an san yadda aka yi da shi.

A Yamai an riga an soma wannan shara. A watan Oktoba na 2024 hukuma ta cire sunan Janar de Gaulle daga babban titin da ke ɗauke da shi ta sa na Djibo Bakary, aka kuma kawar da hoton Monteil, hafsan Faransa da ya ratsa Sayi da Sakkwato da Kano a farkon shekarun 1890, aka maye gurbinsa da na Thomas Sankara. A 2023 an canza taken ƙasa, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Duk inda aka sauke wani, gurbi ya buɗe, gurbi kuwa ba ya daɗewa babu mai nema. Ba abin mamaki ba ne gobe wani mai kishin yankinsa ya ce: tun da Abome tana da Behanzin a dandalinta, Wagadugu tana da Yennenga, Kotonu ta tsayar da jarumar Dahome mai tsawon mita 30 a 2022, me zai hana jami'ar jiharmu ta sami Agabba bisa doki a bakin ƙofa? Tambaya ce mai kyau. Kafin a amsa ta akwai wasu uku da ke gabanta.

Tambaya ta farko: da wane suna za a kira shi?

Abin da Bafaranshe ke kira da kalma ɗaya mai daraja, Bahaushe kalmomi biyu gare shi, kuma babu ta yabo a ciki. In ya ce mutum-mutumi, abin da ke zuwa zuciya shi ne tsumman da ake rataya wa sanda a gona don korar tsuntsaye. In ya ce gunki, ya ambaci abin bauta. Harshe ba ya ƙarya a kan masu shi: al'ummar da ta ƙware a ginin soro da zanen bango da ɗinkin riga da ƙirar sirdi ba gazawa ta hana ta sassaƙa sarakunanta ba, zaɓi ta yi.

Tushen zaɓin sananne ne. A mazhabar Malikiyya da malamanmu ke karantarwa an bambanta zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa da siffa cikakkiya mai inuwa ta abu mai rai. Ta biyun ita ce aka hana. Malamai kan kawo labarin mutanen Annabi Nuhu, waɗanda suka soma da kafa siffofin salihan bayinsu don tunawa, da zamani ya ja jikoki suka mai da su abin bauta. Ko mutum ya yarda da wannan fahimta ko yana da ja, ma'aikacin da zai sa hannu a takardar aiki dole ya san da ita. A Dakar, da Shugaba Abdoulaye Wade ya buɗe babban gunkin Farfaɗowar Afirka a 2010, mai tsawon kusan mita 50, wanda kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera a kan kuɗin da aka ƙiyasta dalar Amurka miliyan 27, limamai sun yi ta suka a kan mumbari, talakawa kuma suna ƙorafin tsadar abinci da ɗaukewar wuta. Abin da aka yi don haɗa kai ya zama abin rarraba shi. Akwai kuma abin kunya na musamman in aka ce za a girmama sarkin Musulmi da abin da shi kansa da alƙalansa ba za su yarda da shi ba.

Tambaya ta biyu: wace fuska?

A ce an tsallake wannan. Mai sassaƙa ya zo da kayan aikinsa, sai ya ce a ba shi hoto. Muhammadu Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi wajen 1674, ya yi sarautar Agadas, sa'an nan da aka tuɓe shi wajen 1721 ya dawo ya kafa gidan sarautar da daga baya ta zauna a Illela, ya rayu ya mutu fiye da shekara ɗari kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto. Shehu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Bello a 1837, su ma ba su riski na'urar ba. Duk fuskar da za a ba su, ta ƙirƙira ce.

A Wagadugu, a 2019, an buɗe mutum-mutumin Sankara, mutumin da ya rasu a 1987, wanda hotunansa ke rataye a shaguna da motoci. Jama'a suka duba suka ce wannan ba shi ba ne, dole aka ɗauke aka sake aiki, sai a 2020 aka maido. In an kasa kama kamannin wanda abokansa ke raye, ina ga wanda ya kwanta dama shekara kusan ɗari uku?

Ga kuma wani abu da baƙo ba zai lura da shi ba. Sarkin ƙasar nan, na Abzinawa ko na Hausa, ba ya fita da fuska a buɗe. Rawani ne da amawali, ba a ganin komai sai idanu, magana ma wani ke ɗaga masa ita. Kwarjininsa yana cikin wannan rufi. Mai sassaƙar da ya bi gaskiya, rawani da alkyabba da doki zai fitar, waɗanda za su dace da kowane sarki daga Agadas zuwa Zariya. Wanda ya yaye amawalin don ya nuna fuska kuwa ya yi wa sarkin abin da ko maƙiyinsa bai yi masa ba.

Tambaya ta uku: sarkin wa?

Wannan ita ce mai nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙasar da ke tsakanin Ƙonni da Illela mahaɗa ce, kowace daula ta bar sawunta: Kabi, Agadas, Gobir, Sakkwato. Agabba uban gidan sarauta ne ga zuriyarsa. Ga Aznan da ya tarar a duwatsun Adar kuwa, mayaƙi ne da ya zo daga arewa da raƙuma. A 1804, tun kafin yaƙin Tafkin Kwatto, dakarun jihadi suka ci Matankari da Ƙonni. Wani gida yana ba da wannan labari a matsayin buɗi, wani gida a matsayin ranar da aka ci garinsu. Yunfa da aka kashe a Alƙalawa a 1808 azzalumi ne a littattafan Sakkwato, amma a Tsibiri, inda Gobirawa suka sake kafa sarautarsu, kakan gida ne. Ɗaliban da suka fito daga duk waɗannan gidaje aji ɗaya suke zama a Tawa, kwano ɗaya suke ci. Duk wanda aka ɗora bisa dandamali, an gaya wa sauran cewa kakanninsu ne suka yi kuskure.

Akwai kuma waɗanda kakanninsu ba su hau doki ba, a bayansa aka ja su. Babu daular da aka ambata a sama da ba ta kama bayi ba, ba ta sayar ba, ba ta karɓi haraji da su ba. Wannan miki bai gama warkewa a yankinmu ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum laifin da ake ɗauri a kansa. A watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, 'yar wannan yanki da aka sayar tana da shekara 12, ta ce hukuma ta gaza kāre ta, ta umarta a biya ta diyyar sefa miliyan 10. In mun ba ɗalibin Mons gaskiya don ya ƙi bin ta gaban Leyopol, da wane baki za mu ce wa ɗiyar wahaya ta bi ta ƙarƙashin kofaton dokin wanda aka kama kakarta a zamaninsa? Ba ana cewa sarakunanmu da Leyopol ɗaya suke ba. Cikinsu akwai masu adalci, masu gina gari, masu kāre talaka daga mahara, masu riƙon malamai. Amma siminti ba ya iya faɗin "ya yi kaza mai kyau, ya kuma yi kaza marar kyau". Littafi ne kaɗai ke iya wannan.

Yadda muka saba tunawa

Rashin mutum-mutumi bai sa mun manta da kowa ba. Muna da hanyoyinmu, kuma sun fi tagulla tafiya.

Ta farko suna ce. Kano ta sa wa jami'arta sunan Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da aka buɗe a 1962, ɗaya daga gidajen kwanan ɗalibai mata sunan Sarauniya Amina yake ɗauke da shi. Ita wannan Amina an yi mata mutum-mutumi bisa doki, aikin Ben Ekanem na 1975, amma a Legas aka kafa shi, a ƙofar babban gidan wasanni na ƙasa. Ruwa da iskar teku suka cinye shi har sai da aka sake wani. Ganuwar da ake jingina mata a garuruwan Hausa kuwa, da sunanta a bakin 'yan mata, ba su bukaci gyara ba. A Nijar an ma ƙara taka tsantsan: jami'o'inmu sunayen malamai aka ba su. Ta Yamai Abdou Moumouni, masanin hasken rana. Ta Maraɗi Dan Dicko Dankoulodo. Ta Damagaram André Salifou, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram. Ta Tawa Djibo Hamani. A Damagaram da Tawa, wanda ya binciki sarakuna aka ɗora a ƙofa, aka bar sarakunan a cikin littafinsa. Wannan hikima ce da bai kamata a yi saurin zubarwa ba.

Ta biyu waƙa ce da kirari. Sarkin Gobir na Isa Amadu ya daɗe da rasuwa, amma duk inda aka sa Narambaɗa, a shago ko a cikin mota, sai ya tashi da rawaninsa. Mutum-mutumi yana tsaye wuri ɗaya sai ka je ka same shi; waƙa ita ke biyo ka har gona.

Ta uku, wadda ta fi dacewa da jami'a, ita ce rubutu. Sarauniya Mangu ba da tagulla duniya ta san ta ba. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan sunanta ya shiga makarantu da gidajen rediyo. Har ila yau, da yake littafi ne, masana sun sami damar yin gardama a kansa, su rarrabe abin da ya faru a Lugu da abin da marubuci ya ƙara don daɗin labari. A Kaduna kuma, gidan da Sardauna ya zauna aka mai da shi cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a 1970, inda ake ajiye takardu, ɗalibai suna shiga suna rubuta digiri, har da masu sukar Sardaunan.

Hujjar masu so

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, don maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gani ya kori ji. Mafi yawan mutanenmu ba sa karanta littafin tarihi, amma kowa yana da ido. Yaron da ya ga mahayi a bakin ƙofa zai tambaya wane ne, daga tambaya kuwa ilimi ke somawa. Suna cewa mu da muka yi lise mun haddace Luwi na Goma Sha Huɗu da Napoleyon da ranakun yaƙe-yaƙensu, muka fito ba mu iya jera sarakunan Adar biyar ba. Wannan gaskiya ce, ni kaina shaida ne, kuma abin kunya ne.

Sai dai ciwon da suka gano ba siminti ne maganinsa ba. Yaron da ya tambaya wane ne wannan, in malaminsa bai sani ba, littafin kuma babu shi a gari, tambayar a nan za ta mutu, mahayin ya zama wurin ɗaukar hoto da jingina babur. Littafin Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa ya fito tun 1975, da Faransanci, a jerin littattafan cibiyar IRSH ta Yamai. Mutum nawa ne a kasuwar Badagishiri ko a fadar Illela suka taɓa riƙe shi a hannu? Ga inda giɓin yake.

Abin da kuɗin zai iya yi

Masu karatunmu su ne za a nema in ranar ta zo. Alhazan kasuwa za a kai wa takardar neman gudummawa, ma'aikata ne za su tsara kasafi su ba da kwangila. Siminti ba zai yi wuya ba, ga Malbaza nan tana yin sa tun shekarun 1960. Saboda haka ya kamata tun yanzu a san abin da za a ce.

Kuɗin mahayi ɗaya da dandamalinsa da bikin buɗe shi zai iya ɗaukar nauyin fassara tarihin Adar da na Ƙonni zuwa Hausa, da boko da ajami, a sayar da araha a tasha da ƙofar masallaci. Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa babu sauran uzuri. Zai iya tura ɗalibai ƙauye-ƙauye da na'urar ɗaukar magana su zauna da tsofaffi da makaɗan fada da 'ya'yan Azna da zuriyar bayi, kowa ya faɗi nasa, kafin a kai su makwanci da abin da ke cikinsu. Cibiyar CELHTO ta Yamai tun 1968 take irin wannan aiki, akwai wurin koyo. Zai iya ceto takardun da ke cikin gafakar malamai a zaurukanmu, waɗanda gara da ɗigon damina ke ci, a ɗauki hotonsu a bar wa masu su kayansu, kamar yadda Boubou Hama ya soma tara dubban rubuce-rubucen da ke IRSH a yau. Zai iya kafa kujerar bincike da sunan Agabba, ko tallafin karatu da sunan Sarkin Ƙonni ga 'ya'yan talakawa, yadda kowace shekara sunan sarki zai fito daga bakin wanda ya ci moriyarsa. In kuma lalle ana son abin da ido zai gani, to, ga allon dutse mai rubutu, wanda babu malamin da zai yi ja da shi, a kafa a Ƙonni don mutanen da suka halaka a watan Mayu na 1899, a kafa a Maratta, a kafa a kufan Birnin Adar, da Hausa da Larabci da Faransanci.

Sarakunanmu na da sun san darajar wannan hanya. Bello da kansa ya zauna ya rubuta tarihin zamaninsa, shi ya sa bayan shekara kusan ɗari biyu ake karanta shi, ake kuma yi masa gardama, a Sakkwato da Yamai da Landan. An cika ƙasar Leyopol da siffofinsa, ga shi jikokin talakawansa suna bi suna kwashewa.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa. Ɗalibin da ya sauka daga motar Ƙonni a ƙofar jami'ar Tawa yana da haƙƙin ya san Agabba da Bello da Yunfa da Sarauniya, da alherinsu da laifinsu, ya kuma auna su da kansa ba tare da an riga an ɗora masa ɗaya a bisa kai ba. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya basirar riƙon amanarsu.